Mai Turi: Ɓarawo ko Dillali? Haƙƙin Mallakar Fasaha a Bakin Iyakar Bagudo

A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu domin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. Mutanen ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, maƙwabtan Jamhuriyar Benin, sun ji jiki fiye da waɗanda suka yanke hukuncin a Abuja. Daga Lolo zuwa Madekali, daga Tsamiya zuwa Segbana, buhu ya zama abin ɓoyo, jarka ta zama abin tuhuma. Amma akwai wata haja da ta ci gaba da ƙetare iyakar safe da yamma ba tare da jami'in kwastan ko ɗaya ya tsayar da ita ba. Tana cikin aljihu, a kan memorin da bai kai girman farce ba: fina-finai, waƙoƙi, wa'azi, littattafai da manhajoji, dukiyar da wasu suka ɓata watanni da shekaru suna haɗawa.

Mafi yawan wannan haja daga hannu ɗaya take fitowa. A Sharabi, kamar sauran garuruwa masu girmanta a Arewa, akwai rumfar mai caji: faranti ɗaya ko biyu na sola, jerin wayoyi a kan katako, da tsohuwar kwamfuta a gefe. Ka miƙa waya ko memori, ka faɗi abin da kake so, ka biya 'yan kuɗi kaɗan, a tura maka. A birni ana kiransu 'yan dawunlodin, wasu kuma su ce masu turi. A idon furodusan Kano, wannan matashi shi ne ya kashe kasuwar fim. A idon doka, mai laifi ne. A idon mutanen gari kuwa, shi ne gidan sinima, shi ne ɗakin karatu, shi ne shagon kaset.

Ra'ayina shi ne: haƙƙin mallakar fasaha gaskiya ne, kuma masu ƙirƙira suna cutuwa. Sai dai kame da ƙwace kwamfuta ba za su dawo musu da ko sisi ba. Abin da zai dawo musu da kuɗi shi ne a mayar da mai turi dillali mai lasisi, wanda ke sayar da haja da sanin mai ita.

Abin da doka ta ce

Kafin kwamfuta, satar fasaha na buƙatar jari. Mai son kwafar littafi sai ya nemi injin ɗab'i, mai son kwafar kaset sai ya jera injuna, kuma kowane kwafi yana fita da rauni fiye da na asali. Kwamfuta ta rushe wannan shinge. Kwafi na dubu daidai yake da na farko, kuma kuɗin yin sa bai wuce na cajin batir ba. Wannan ne ya tilasta wa duniya sake rubuta dokokinta. Amurka ta shigar da manhajar kwamfuta ƙarara cikin dokarta ta haƙƙin mallaka a 1980. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta ɗaure duk ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta wajabta a kare manhaja kamar yadda ake kare aikin adabi. A 1996 kuma hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar da yarjejeniyoyi biyu na musamman kan ayyukan da ke yawo a intanet, waɗanda Nijeriya ba ta kammala amincewa da su ba sai a 2017.

A gida, dokar da muka daɗe da ita ta samo asali ne daga dokar soja ta 1988, zamanin da kaset ke mulki. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Dokar ta ɗauki manhaja a matsayin aikin adabi. Ta ba mai aiki shi kaɗai ikon yarda a kwafa, a rarraba, ko a ɗora aikinsa a intanet. Ta haramta fasa makullin da aka sanya wa manhaja ko fim don hana kwafi. Ta kuma buɗe hanyar da mai haƙƙi zai aika wa kamfanin intanet takarda a sauke aikinsa da aka ɗora ba da izini ba. Kariyar littafi da manhaja tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai su, ta fim kuwa shekara 50 daga fitowarsa. Ba a buƙatar rajista kafin haƙƙin ya tabbata: da zarar an rubuta ko an naɗa, ya zama na mai shi.

Doka ce mai kyau a takarda. Amma ka lura da inda ta fi mayar da hankali: shafukan intanet, kamfanonin sadarwa, da makullan zamani. Cinikin da ake yi a rumfar mai caji ba ya bi ta intanet. Daga kwamfuta yake zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Babu kamfanin da za a aika wa takarda, babu shafin da za a toshe.

Iyaka ɗaya, tsari biyu

Zaman Bagudo a bakin iyaka ya ƙara wa lamarin wani ƙulli. Dokar haƙƙin mallaka tana tsayawa inda ƙasarta ta tsaya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ba ta da iko a Malanville, haka takwararta ta Benin, BUBEDRA, ba ta da iko a Illo. Abin da ya haɗa su shi ne Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashen biyu suka shiga, kuma ta ce kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan gida. Ke nan fim ɗin da aka shirya a Kano yana da kariya a Kandi da Parakou, inda Hausawan zango da masu jin Hausa ke kallonsa. Sai dai kariyar ba ta aiki da kanta. Wane furodusa ne zai ɗauki lauya mai jin Faransanci ya shigar da ƙara kan memori?

Idan aka koma kan tambarin kasuwanci da takardar mallakar ƙirƙira, rabuwar ta fi fitowa fili. Benin da Nijar suna cikin ƙungiyar OAPI, wadda Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, mai hedikwata a Yawunde. Rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka matashin Birnin Kebbi da ya rubuta manhajar lissafi don 'yan kasuwar shinkafa, ya yi wa sunanta rajista a Abuja, zai iya wayar gari wani ya yi wa wannan suna rajista a ƙetaren iyaka, tafiyar 'yan sa'o'i daga gidansa. Shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da ƙa'idar mallakar fasaha ta yankin ciniki maras shinge a watan Fabrairu na 2023, da burin daidaita irin wannan saɓani. Kafin ta sauko daga teburin taro zuwa kasuwar Tsamiya, akwai sauran tafiya.

Wanda ke asara

Kada tausayin mai turi ya rufe mana ido ga wanda ake ci da guminsa. Tun daga *Turmin Danya* a 1990, masana'antar fim ɗin Hausa ta rayu ne a kan sayar da abu mai kamawa a hannu, kaset da farko, daga baya faifai. Dillalan Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne ke saye su rarraba har Yamai da Agadas. Akwai satar fasaha a lokacin ma, amma kowane faifai na asali da aka sayar yana mayar wa furodusa wani abu. Da memori ya maye gurbin faifai, wannan igiya ta tsinke. Masu kallo sun ƙaru, kuɗin shiga ya ragu.

Masana'antar ta nemi mafaka a talabijin, musamman bayan buɗe Arewa24 a 2014, sannan a YouTube, inda fina-finai masu dogon zango irin su *Labarina* da *Izzar So* suka yi tashe daga 2020. Amma YouTube yana biya ne gwargwadon kallon da aka yi a kansa. Idan mai turi ya sauke kashi ɗaya ya zuba wa wayoyi ɗari, kallo ɗaya aka ƙirga, sauran sun tafi a iska. Mai kallon ma ba shi da laifi sosai. Inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, kuma bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin sadarwa su yi a farkon 2025, kallon fim na sa'a guda da data ya fi ƙarfin manomi ko ɗan acaɓa.

Haka abin yake ga marubuta littattafan Hausa na waya, waɗanda galibinsu mata ne. Marubuciya za ta buɗe zaure a WhatsApp, masu karatu su biya kafin su shiga. Kafin ta kai ƙarshen labari, wani ya tattara shafukan ya mayar da su kundi ɗaya, wani kuma ya karanta su da murya ya ɗora a tasharsa. Sau da yawa har sunanta ake gogewa.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan yadda fina-finan Hausa suka ɗebi labari da salo daga na Indiya. Brian Larkin, a littafinsa *Signal and Noise* na 2008, ya nuna cewa hanyoyin da aka shimfiɗa a Kano don rarraba kwafin fina-finan ƙetare su ne masana'antar gida ta hau ta yi girma. Ni kaina, kwamfutar farko da na mallaka a jami'a 'yar Kwatano ce, kuma ban tambayi mai gyaran da ya zuba mini Windows da Word daga ina ya samo su ba. Da ita na rubuta kundin kammala digiri, har da babin da ya taɓo dokar haƙƙin mallaka. Kusan duk mai karanta wannan rubutu yana da irin wannan labari.

Kwafi a ƙasar Gwandu

Akwai masu cewa duk wannan magana ta haƙƙin mallaka baƙuwa ce, Turawa suka kawo ta don tatsar matalauta, kuma ilimi ba na kowa ba ne balle a sayar. Hujjar tana da nauyi a wannan yanki musamman. Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, gidan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda littattafansa irin su *Diya'ut Ta'wil* da *Tazyinul Waraƙat* suka yaɗu ta hannun masu kwafi. Almajiri zai ari littafi, ya zauna da tawada da alƙalami ya juye shi, wani ya ara daga gare shi. Babu wanda ya nemi izini, babu wanda ya biya marubuci. Ba don wannan kwafi ba da yawancin abin da malaman jihadi suka rubuta ya salwanta.

Amma mu dubi al'adar da kyau. Mai kwafi yana rubuta sunan mawallafi, yakan ƙara nasa a ƙarshe, ya roƙi addu'a ga su biyun. Danganta magana ga mai ita amana ce, shafe sunan malami kuwa abin kunya ne babba. Wato ɓangare ɗaya na abin da dokar zamani ke karewa, haƙƙin a ambaci mai aiki kuma kada a gurɓata aikinsa, kakanninmu sun riƙe shi tun kafin a haifi masu rubuta dokar. Ɓangare na biyu, na cin moriya, bai taso ba saboda mawallafan ba da littafi suke ci ba, kuma mai kwafin yana biya da wahalar watanni. Yau furodusa da bashi yake shirya fim, marubuciya da kuɗin littafi take ciyar da 'ya'ya, mai kwafi kuwa minti biyu ya ishe shi.

Malaman zamani sun duba wannan sauyi. A watan Disamba na 1988, a zamanta na biyar a Kuwait, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da tambarin kasuwanci dukiya ce da shari'a ta yarda da ita, kuma bai halatta a keta ta ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman kan littattafan addini, amma wannan ita ce matsayar da mafi yawan majalisun fatawa suka bi. Wanda ya saki wa'azinsa ko littafinsa kyauta ya yi sadaka da abin da ya mallaka, Allah Ya ba shi lada. Wani ba zai yi sadaka da kayan da ba nasa ba.

Manhaja: inda mafita ta riga ta samu

A ɓangaren manhaja, matsalar ta fi sauƙin warwarewa, amma mun fi yin sakaci da ita. Shiga duk shagon buga takardu ko na zanen katin biki a Birnin Kebbi ko Jega, za ka tarar da Windows da Office da CorelDraw da Photoshop. Manyan kamfanoni sun koma karɓar kuɗin wata-wata ko na shekara, kamar yadda Adobe ta yi tun 2013, kuma farashin yana bin dala. Bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, sayen lasisi ya ƙara nisa da ƙaramin shago. Sai a koma ga wadda aka fasa wa makulli.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Fasasshiyar manhaja ita ce babbar ƙofar da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke bi, kuma sau da yawa ba ta karɓar gyaran tsaro. A kan irin wannan kwamfuta ake cika wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, a shigar da lambar NIN da ta BVN, a ajiye hoton fasfo. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11.

Ga shi kuwa akwai manhajojin da masu su suka halatta wa kowa. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, kuma wayar Android da ke hannunka a kan Linux aka gina ta. LibreOffice na yin aikin rubutu da lissafi, GIMP da Inkscape na yin zane. Abin lura shi ne waɗannan ba su jefar da haƙƙin mallaka ba. Da shi suka yi amfani suka rubuta lasisin da ya ce: kwafa, gyara, rarraba, amma ka ambaci masu aikin, kuma a lasisi irin GPL kada ka rufe abin da ka samu a buɗe. Wannan ya fi kusa da tarbiyyar zauren malam fiye da duk wani tsari da ke kasuwa. Wikipedia ta Hausa ma a kan irin wannan sharaɗi take tafiya. Babu dalilin da zai sa makarantar gwamnati ko sakatariyar ƙaramar hukuma ta koyar da yara a kan kayan sata alhali ga na halal kyauta.

A ba mai turi rasit

Fim da waƙa da littafi kuwa ba za su zama kyauta ba, domin masu su da su suke ci. A nan tarihin ƙetare yana da darasi. Kamfanonin waƙa na Amurka sun kai Napster kotu har aka rufe shi a 2001, amma kwafi bai ragu ba. Abin da ya fara janye mutane shi ne shagon iTunes na 2003, inda ake sayen waƙa ɗaya a kan senti 99 cikin sauƙi, sannan daga baya Spotify da ire-irensa. Da halal ta zo kusa kuma ta yi araha, mutane da yawa suka bar haram. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

A Sharabi, abin da ya fi kusa da mai kallo shi ne rumfar mai caji. Shi ya san abin da gari ke so, shi ke da wuta, shi aka yarda da shi, kuma mutane sun riga sun saba biyansa. Hanyar rarrabawa da babu kamfanin da zai iya ginawa da kuɗinsa tana nan a shimfiɗe. Abin da ya rage shi ne wani kaso na kuɗin ya koma ga mai aikin.

Kayan aikin ma akwai su. Tun 2014 aka amince da ƙungiyar AVRS ta riƙa karɓar kuɗi a madadin masu fina-finai, kamar yadda MCSN ke yi wa mawaƙa. Tun 2012 akwai umarnin da ya ɗora haraji a kan kayan da ake kwafi da su, domin a raba wa masu haƙƙi. Abin da nake ba da shawara shi ne lasisin bai-ɗaya: mai turi ya biya ƙayyadadden kuɗi duk wata ta hannun ƙungiyarsa, ya samu sababbin fina-finai masu kyawun hoto kai tsaye daga furodusoshi a ranar fitowarsu, ya rataya shaidarsa a rumfa. Kuɗin ya kasance daidai da ƙarfin ƙauye, a biya ta POS ko tiransifa, a kuma wallafa yadda aka raba shi. Idan tsarin ya kama a gefenmu, yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin karɓar kuɗi na Nijeriya da BUBEDRA za ta iya kai shi Malanville.

Na san abin da za a ce. Za a ce kuɗin zai maƙale a hannun shugabannin ƙungiya, kuma rikicin da aka daɗe ana yi tsakanin ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa a Legas ya isa gargaɗi. Za a ce jami'ai za su mayar da lasisin wata sabuwar hanyar karɓar na goro. Za a ce mai waya zai ci gaba da tura wa abokinsa kyauta. Duk gaskiya ne. Amma a auna su da halin da ake ciki, inda rabon mai fim daga wannan ciniki sifili ne, mai turi kuma yana zaune cikin fargabar ranar da za a zo a kwashe masa kwamfuta. Ƙarfin hukuma sai a tanade shi ga manyan masu cin riba: masu tashoshin da ke ɗora fim ɗin wani su karɓi kuɗin talla, da masu goge sunan marubuciya su sa nasu.

Mu kuma da muke da albashi da data ba mu da uzurin manomin Sharabi. Wanda zai iya biyan kuɗin littafi ya biya, ya daina neman a tura masa a zaure. Wanda ke shugabantar ofis ya tambayi mai kula da kwamfutocinsa wace manhaja ce a kai, kuma da lasisin wa. Wanda ya ɗauko rubutun wani ya bar sunan mai shi a jiki, kamar yadda almajiran Gwandu suka yi shekara ɗari biyu da suka wuce. Yaron da ke zaune bayan tsohuwar kwamfuta a rumfar caji yana iya zama wanda zai rubuta manhajar Hausa ta gobe, kuma ranar da ya rubuta ta, zai so a biya shi.